Kafin Ka Miƙa wa Maƙerin Bindiga Kuɗinka

Ɗana,

Na ga jerin kayan da ka turo mini, waɗanda kake son maƙeri ya haɗa maka bindiga da su, na kuma ga jimillar kuɗin a ƙasa. Kuɗin ba su ba ni mamaki ba, don na san kasuwar. Abin da na duba ban gani ba layi ɗaya ne: me za ka harba da ita, daga wace tazara, kuma a ina? Ka rubuto sunan kamfanin kowane ƙarfe, amma babu sunan dabba, babu sunan gasa. A waya ka ce mini kana son wadda za ka hau duwatsun Idaho da ita lokacin farautar babbar barewar nan elk a watan Oktoba, sauran watannin shekara kuma ka shiga gasar PRS da ita. To a nan nake so mu ɗan zauna, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Ka dubi yadda gasar take. Tun da aka fara PRS a 2012 tsarinta ke nan: a ba ka sakan 90 ko minti biyu, ka harba harsashi goma ko sha biyu kan farantan ƙarfe da aka kafa daga yadi 300 zuwa 1,000 ko fiye, kana jingine da shinge, ko tayar mota, ko tulin duwatsu, kana sauya wuri agogo na tafiya. Mai cin gasar shi ne wanda bindigarsa ba ta zabura ba bayan ya taɓa kunama, har ya ga inda harsashin ya sauka ta cikin madubi, ya gyara na biyu. Shi ya sa bindigoginsu ke kai kilo 9, wasu 11, har ana ɗaura musu guntayen ƙarfe da gangan don a ƙara nauyi. Iyakar tafiyarsu daga mota zuwa layin harbi. Kai kuwa a farauta tun kafin asuba za ka bar mota, ka yi ta hawa cikin sanyi da jaka a baya, in Allah ya ba ka sa'a kuma da naman za ka sauko a kafaɗa. Bindigar da ta wuce kilo 4 da rabi haɗe da madubinta, kafin azahar ka fara jin haushinta. Irin ta gasa kuwa, ko ƙarfinka ya ɗauka ma, dokar jiharku ba ta ɗauka ba: a Idaho an hana farautar manyan dabbobi da bindigar da ta haura laba 16, wato kilo 7 da kwata, har da madubi da duk abin da aka maƙala mata.

Akwai tsaka-tsaki, in ka nace. Gasar NRL Hunter an tsara ta ne don masu irin zuciyarka, tana da ajin da ba a wuce laba 12 da ajin da ba a wuce laba 16, kuma kai za ka nemo abin harbin da idonka, ka auna tazararsa, sannan ka harba. Bindigar laba 12 tana shiga wannan gasa ta kuma hau dutse, ko da yake kafaɗarka za ta san ka ɗauko kaya. Amma in PRS ɗin ce ta shiga ranka, shawarata ka sa kuɗin haɗi a kan wadda za ka fi harbawa, wato ta gasa, ta farauta kuma ka saye ta haɗaɗɗiya daga shago. Tikka T3x da ake ƙerawa a Finland, yadda take fitowa daga kwali, ta ishi kowane maharbi a tazarar da ya kamata a harbi dabba. Bindigar farauta harbi ɗaya ko biyu take yi a kan nama duk shekara, ta gasa kuwa dubbai.

In ka yanke wannan, kada ka fara da abin da ya fi sheƙi a hoto. Ka fara da ƙwayar harsashi, ita da za ta bar bututu ta isa can. Ita ce kaɗai ke taɓa abin da ka saita, sauran kayan duk hidimarta suke yi. Tsawonta ke faɗa maka irin murɗin da za a tsaga a cikin bututu, murɗin da harsashin su faɗa maka bututun da za ka saya, tsawon harsashin ya faɗa maka gidan sakata, dogo ko gajere, sannan a zo kan ƙota. Wanda ya bi ta wannan hanya ba ya sayen abu sau biyu.

Maganar murɗi ba ƙaramar magana ba ce. In ka ga an rubuta 1:8 a jikin bututu, ana nufin ƙwayar na yin juyi ɗaya cikakke a kowane inci 8. Ƙwayar 6.5 mai nauyin giren 140, kusan giram 9 ke nan, in ta fita da gudun ƙafa 2,700 a sakan daga irin wannan bututu, tana juyawa fiye da sau 240,000 a minti, kuma juyin nan ne ke riƙe kanta a gaba. Gwargwadon tsawon ƙwaya, gwargwadon saurin juyin da take bukata, in ba ta samu ba sai ta yi ta tangaɗi, wani lokaci ma ta bugi takarda a karkace. Kamfanin Remington ya sha wannan darasi da tsada. A 1955 suka fito da harsashin .244 da murɗin 1:12, a shekarar da Winchester ta fito da .243 da murɗin 1:10. Na Winchester na riƙe doguwar ƙwaya mai giren 100 da mafarautan barewa ke so, na Remington kuwa a giren 90 ya tsaya. Mutane suka ɗauke shi harsashin harbin ƙananan dabbobi, suka watse zuwa .243. Daga baya aka gyara murɗin zuwa 1:9, a 1963 aka sauya masa suna zuwa 6mm Remington, amma kasuwa ta riga ta tafi. Harsashin ba shi da laifin komai, kwansonsa ma ya ɗan fi na abokin gasarsa cin albarushi. Inci biyu na murɗi suka kayar da shi. Saboda haka ka duba kwalin ƙwayar da ka zaɓa, masu yin ta suna rubuta murɗin da take bukata. In kuma akwai ranar da za ka yi farauta a California, ka tuna tun Yulin 2019 an hana harsashin dalma a farauta a can gaba ɗaya. Ƙwayar jan ƙarfe zalla ta fi ta dalma tsawo a nauyi ɗaya, don haka tana son murɗi mai sauri.

Na ga ka rubuta 6mm Creedmoor. Ba zan ce ka yi kuskure ba, amma ka san abin da kake saye. 'Yan gasa na son ƙananan harsasan 6mm, irin su Dasher da GT da shi Creedmoor ɗin, saboda shurinsu kaɗan ne, kana harbi kana kallo. Kuɗin wannan daɗi bututu ke biya. Duk harbi, wuta mai zafin gaske da matsi na bi ta maƙogwaron bututun, inda tsagin ya fara, suna cin ƙarfen kaɗan-kaɗan. Yawan albarushi a ƙaramin rami shi ke gaggauta cin. Bututun .308 Winchester kan kai harbi 5,000 ko fiye kafin ya fara watsa harsashi, na 6.5 Creedmoor wajen 2,500 zuwa 3,000, na 6mm Creedmoor kuwa sau da yawa bai kai 2,000 ba. Gasar kwana biyu na cin harsashi kusan 200, ban da na gwaji da na atisaye. Ka yi lissafin da kanka, za ka ga mai harbi da gaske yana sauya bututu duk shekara. Ka ɗauki bututu cikin kayan da ke ƙarewa, ka sa kuɗin na biyu a lissafi tun yanzu.

Ga wanda ke farawa, ni 6.5 Creedmoor zan ce. Hornady ta fito da shi a 2007, aikin Dave Emary da Dennis DeMille, kuma abin da suka nema tun farko shi ne harsashin da ɗan gasa zai saya a kwali ya shiga fili da shi, ba sai ya zauna yana cusa nasa da hannu ba. Yau babu shagon kayan farauta a Amurka da za ka shiga ka rasa shi. Wannan ba ƙaramar falala ba ce. Harsashin da sai an yi odarsa, ko sai ka gyara kwanson wani ka mayar da shi naka, ya dace da mutumin da ya riga ya ƙone bututu biyu ko uku ya san abin da yake nema. Kai yanzu atisaye kake bukata, kuma atisaye na son harsashin da ke samuwa.

Ta wajen elk kuwa, dabba ce da namijinta ke kai kilo 300, mai kaurin ƙashi da taurin rai. Mutanen Sweden da Norway sun fi ƙarni suna kayar da moose, wadda ta fi elk girma, da harsashinsu 6.5x55 na shekarun 1890, don haka ba za a ce 6.5 ba ya kisa ba. Sai dai su a kurmi suke harbi, daga kusa. A duwatsunku, inda tazara ke buɗewa, na fi natsuwa da .30-06, wanda ke aiki tun 1906, ko .308, ko ɗaya daga cikin 7mm. Abokanka za su ce .300 Winchester Magnum. Harsashi ne nagari, amma a bindiga marar nauyi shurinsa na koya wa mutum runtse ido da fizgar kunama, kuma wannan ɗabi'a in ta kama ka tana da wuyar saki. Na sha ganin ƙarti a filin atisaye suna rufe ido kafin bindiga ta tashi, in ka faɗa musu su rantse ba su yi ba. Ka zaɓi mafi ƙarfin da za ka iya harbawa sau ashirin a zaune ɗaya ba tare da ka fara tsoronsa ba. Kuma kada ka kai ƙwayar gasa daji don kawai ta fi taruwa a takarda. An yi ta ne don ta tashi daidai, ba a damu da yadda za ta buɗe cikin nama ba. Ta farauta an gina ta ta buɗe, ta riƙe nauyinta, ta ratsa ƙashi.

In akwai inda ba zan so ka yi rowa ba cikin ƙarafan, bututu ne da hannun da zai yanka masa mazaunin harsashi. Hanyoyi uku aka fi bi wajen tsaga cikin bututu. Akwai yanka, inda wuƙa ke bi tana ɗebe ƙarfe sannu-sannu, tsagi ɗaya bayan ɗaya, irin aikin Krieger da Bartlein da Brux, dukkansu a Wisconsin. Akwai jan wani dunƙulen ƙarfe mai tauri ta cikin ramin ya matsa tsagin a wuce ɗaya, irin na Shilen a Texas da Lilja a Montana. Akwai kuma dukan inji a kan sanda mai siffar tsagin, yadda manyan masana'antu irin su Sako ke yi. Za ka ji ana musu a kan wace ta fi har a kusa dambe. Kowacce ta ci gasa, kowacce kuma ta taɓa fitar da bututun banza. Ka sayi na gidan da aka sani, wanda in an samu matsala zai karɓi kayansa. Abin da ya fi hanyar tsagi muhimmanci shi ne mazaunin ya zauna daidai tsakiyar ramin, bakin bututun ya fita sumul ba tabo, tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da kwanso kuma a auna ta da ma'auninta. Wannan ta ƙarshe maganar lafiyar fuskarka ce, don matsin da ke cikin mazaunin lokacin harbi na haura laba 60,000 a kan kowane murabba'in inci. Yanzu ana sayar da bututun da aka riga aka yanka, mutum ya ɗaura a gida, kuma da yawa suna da kyau. Duk da haka, na farko dai ka bar wanda ya ƙware ya ɗaura ya auna kana tsaye kana kallo.

Yadda za ka gane maƙeri ba wuya. Ka je filin gasa ka tambayi mutanen da ke saman jeri wa ya yanka musu. Sunan da ka ji sau uku, shi ne. In ka kira shi ya fara tambayarka ƙwayar da za ka harba kafin ya faɗi farashi, ka samu mutum. In ya ce ka jira wata shida, ka jira.

Kauri da tsawo kuma aikin ke yanke su. Bututu mai kauri ba ya saurin zafi, yana zama daram a kan shinge, shi ya sa 'yan gasa ke sa mai kauri na inci 26. Na farauta inci 20 zuwa 22 ya isa, don kowane inci da ka rage abin da za ka rasa bai wuce gudun ƙafa 20 zuwa 30 a sakan ba, dabba kuwa ba za ta san bambancin ba. Waɗanda ake naɗe wa zaren kabon, irin na Proof Research, suna ba ka kauri ba tare da nauyi ba, amma kuɗinsu ya kusa ninka na ƙarfe zalla, kuma siririn bututun ƙarfe mai kyau bai fi su nauyi ba. A bindigar gasa, inda nauyin ake nema, ban ga abin da za su yi maka ba.

Gidan sakata shi ne ya cinye kaso mafi girma a jerinka, kuma shi ne zan fi gajarta magana a kai. Tun da Remington 700 ta fito a 1962 siffarta ta zama ma'aunin kasuwa, yawancin masu ƙera na musamman, irin su Defiance da Impact da Zermatt, a kan wannan siffa suke yi, don haka kunama da ƙota da mazaunin madubi duk za su shiga ba wahala. Wannan shi ne dalili mai ƙarfi na zaɓar ta. Tsakanin na dala 1,000 da na 1,600 kuwa, abin da ƙarin ke saya maka santsin hannu ne da kyan gani, ban taɓa ganin takarda ta nuna bambancinsu ba. Ka tabbata dai yana ɗauko harsashi daga magazin ba ya sarƙewa, yana fitar da kwanso ko ƙura ta shiga. Magazin ɗin ma kusan kowa ya koma tsarin AICS na kamfanin Accuracy International na Ingila, wanda Malcolm Cooper, mai zinaren Olamfik na 1984 da 1988, yana cikin waɗanda suka kafa shi. Ka bi jama'a a nan.

Kunama kuwa, ka yi hankali da kwaikwayo. 'Yan gasa na saukar da tasu zuwa laba ɗaya ko ƙasa, masu harbi daga kan benci ma har abin da bai kai giram 60 ba. A fili, da rana, bindiga na kallon inda aka yarda, wannan ba laifi. A kan dutse yatsanka ya daskare, kana sanye da safar hannu, numfashi na sama-sama, zuciya na bugu don ka hango ƙaho. Yatsan da ba ya ji ba ya sanin ya taɓa. Ta farauta kada ta gaza laba 2 da rabi zuwa 3. Abin nema a kunama shi ne ta karye tsaf ba ja, kuma kullum a wuri ɗaya. Timney ko TriggerTech duk za su ba ka wannan.

Ƙota ita ce kaɗai ba wanda zai zaɓar maka, ni ma ban isa ba. Tela ba ya yanka yadi sai ya gwada mai riga. Ka ɗauki bindigar, ka rufe ido, ka kwantar da kunci yadda jikinka ya so, sannan ka buɗe. In ka ga da'irar madubi cikakkiya, ƙotar taka ce. In sai ka ɗaga kai ko ka miƙa wuya, ba taka ba ce ko nawa aka saye ta. Ka gwada da rigar sanyin da za ka sa a Oktoba, don kaurinta na ƙara tazarar kafaɗa. Firam ɗin alminiyam irin na MDT yana da daɗin gyara, komai da kusoshinsa, kuma gidan sakata na zama a kansa ba sai an yi masa shimfiɗa ba. A gasa ya dace. A sanyin duwatsu kuwa ƙarfe ne tsirara a tafin hannunka, yana kuma ƙara in ya bugi dutse. Can na fi son ƙotar zaren gilashi ko kabon irin ta McMillan ko Manners, a yi wa gidan sakata shimfiɗa mai kyau, a bar bututu yana shawagi ba ya taɓa komai. Katakon goro na Turawa yana da kyau a ido, ni ma ina son sa, amma yana shan danshi ya motsa, saiti ya bi shi.

Yanzu ga inda jerinka ya ban tsoro. Ka kashe dubbai a kan ƙarfe, ka bar wa madubi canji. Juya lissafin. A harbin nesa ba hasken gilashi ne farko ba, amanar maɓallin juyawa ce. In ka murɗa mil 8 na ma'aunin madubi sama don faranti na yadi 1,000, dole layin saitin ya tafi mil 8 cif, in ka dawo sifili ya dawo inda ya baro, yau da gobe, bayan bindiga ta sha girgizar mota ta kuma faɗi sau ɗaya. Madubin da ke kuskuren kashi 2 cikin ɗari ba za ka gane shi a yadi 100 ba, a 1,000 kuwa ya kusa inci 6, kai kuma ka yi ta zargin bututu da maƙeri. Gwajinsa mai sauƙi ne: doguwar takarda a tazarar da ka auna da tef, layi a tsaye, ka harba, ka murɗa, ka sake harbawa, ka auna da rula. Ka yi wannan tun madubin na cikin kwanakin da za a iya mayar da shi. Nightforce da Leupold da Vortex na Amurka, ko Kahles na Ostiriya da Schmidt & Bender na Jamus, duk suna da waɗanda aka yarda da su, amma suna ba ya hana gwaji.

Ma'auni biyu ne, mil da MOA. Mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100, MOA ɗaya kuma inci ɗaya da 'yar ɗoriya a yadi 100. Babu wanda ya fi wani daidai. Ka ɗauki mil kawai saboda shi 'yan PRS ke magana da shi, in na kusa da kai ya ce ka ba iska rabin mil, ba ka da lokacin lissafi. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne zanen ciki na mil, maɓalli na MOA. Madubin gasa ya zama irin wanda zanensa ke girma tare da hoto, don ma'auninsa ya tsaya daidai ko nawa ka zuƙo. A farauta irin wannan zane kan sirance har ya ɓace a duhun magariba in ka rage zuƙowa, sai dai in yana da fitila. Kada yawan zuƙowa ya ruɗe ka. Masu madubin da ke kai ninki 25 ko 35, yawancin harbinsu a gasa tsakanin 12 da 18 suke yi, don su ga fili. Na farauta 3 zuwa 15 ya wadatar. Zobban da ke riƙe madubin kuma ka sayi nagari, ka ɗaure su da ma'aunin ƙarfin da aka rubuta. Da yawa cikin bindigogin da ake cewa sun lalace, kusa ce ta kwance.

Idan bindiga ta zo, shaiɗanin farko da zai same ka shi ne harbi uku. Za ka harba uku su shiga rami ɗaya, ka ɗauki hoto ka turo mini. Zan yi maka barka, amma ba zan gaskata ba. Uku sa'a na iya tara su. Ka harba goma, ka sake goma, ka ƙirga har wanda ya fanɗare, don shi ma daga bututun ya fito. Mafarauci kuma harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne nasa, ka riƙa lura da inda yake sauka.

Sannan ka san girman abin da kake biya. Bindigar da ke tara harsashi cikin MOA ɗaya, a yadi 600 tana zuba su cikin inci 6. Wadda ka ƙara dubbai ta koma rabin MOA, cikin inci 3. Ribarka inci ɗaya da rabi ta kowane gefe. Iska mai gudun mil 10 a awa, wato kilomita 16, in ta bugo daga gefe, tana ture ƙwayar 6.5 Creedmoor fiye da inci 20 a wannan tazara. In ka karanta ta 5 alhali 10 ce, ka kauce da inci 10, kuma a kwazazzabo iskar da ke fuskarka daban da ta tsakiya, daban da ta wajen dabbar. Babu maƙerin da ke sayar da maganin wannan. Dala 600 da ka rage daga gidan sakata harsashi 300 ne na atisaye, kuma su za su koya maka iska.

A faranti, in ka kuskure maki ɗaya ka rasa. A dabba, wurin da ke kashe barewa nan take, huhu da zuciya, bai fi inci 8 zuwa 10 ba, kuma ƙwayar na ɗaukar kusan sakan ɗaya kafin ta kai yadi 600. Taku ɗaya dabbar za ta yi a cikin wannan lokaci, harsashin ya sauka a tumbi, ta shige kurmi ta kwana biyu tana mutuwa. Addininmu ya hore mu da kyautata wa dabba har a wajen kashe ta, dokar jiharku ma ta ɗora maka neman abin da ka raunata, ta hana barin nama ya lalace. Tazararka ta farauta ita ce wadda kake samun farantin inci 8 a harbin farko, sau tara cikin goma, a kwance kan jaka kana haki, ba a kan benci ba. Ga yawancin mutane, in sun yi wa kansu gaskiya, ba ta wuce yadi 300 zuwa 400. In dabba ta fi haka nisa ka matsa kusa, in ba hali ka bar ta, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Maharban garinmu da bindigar toka suke sanɗa har su ji numfashin gada, kuma ba su taɓa ɗaukar sanɗar a matsayin kasawa ba. Ka yi bisimilla kafin ka saki, wuƙarka kuma ta kasance da kaifi a kusa, in ka tarar da sauran rai ka yanka.

Kunnenka ma amana ne. Abin rage shuri da ake ɗaurawa a bakin bututu yana aiki sosai, amma yana watso ƙarar gefe da baya, harbi ɗaya ba toshe kunne na iya barin maka ƙugi har abada. A fili ka sa na ciki ka ɗora na waje. In za ka iya bin takardun gwamnatin tarayya ka samu abin rage ƙara, ya fi alheri gare ka da wanda ke tsaye kusa da kai.

Saura maganar hukuma. A Amurka gidan sakata shi ne bindiga a idon doka, shi ke ɗauke da lamba, dole ya bi ta hannun dillali mai lasisi, ka cike fom 4473 a binciki tarihinka. Kada ka saya wa wani da sunanka, ko wane ne shi. Ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli kafin bindigar ta iso, harsashi a wani wuri daban, don yaranka sun kai shekarun buɗe-buɗe. In kuma za ka zo gida, ka zazzage jakunkunanka har aljihun ciki. Fitar da sassan bindiga da madubin saiti daga Amurka na bukatar izini, a Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 na nan da ƙarfinta, kuma a halin da ƙasa ke ciki ba wanda zai tsaya sauraron labarin gasa a filin jirgin Kano in an ga kwanso ɗaya a jakarka. Duk wanda ya roƙe ka ka taho masa da madubi ko magazin, ko ɗan uwa ne, ka ce kawunka ya hana.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yaran. Mahaifiyarka ta ce in tuna maka ka kira ta ranar Juma'a.

Kawunka.